Darasi: Keffi, Garin da Hanya Ta Raya

Garin Keffi yana yammacin Jihar Nasarawa, kimanin kilomita 50 daga Abuja. Manyan hanyoyi huɗu ne suka haɗu a cikinsa. Ɗaya ta fito daga Abuja ta Mararraba da Masaka. Ta biyu ta yi gabas zuwa Akwanga, inda ta rabu, reshe guda ya nufi Jos, ɗayan ya gangara Lafiya da Makurɗi. Ta uku ta yi kudu zuwa garin Nasarawa, ta huɗu kuma ta haura arewa ta Gitata zuwa kudancin Jihar Kaduna. A cikin shekaru fiye da 200 da garin ya yi, da wuya a sami wani babban sauyi da ya same shi, na arziki ko na wahala, wanda ba ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ya shigo ba. Shi ya sa tarihin Keffi da kasuwarta da halin da gonakinta da dajinta ke ciki duk a ɗaure suke da juna, ba a gane ɗaya sai an duba sauran.

Kafuwar gari da zamanin fatake

Tun kafin a kafa Keffi akwai mutane a wannan yanki: Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Yeskwa da Gwandara da Afo da Gade da Mada da sauransu, kowa da garuruwansa da gonakinsa. A wajajen shekarar 1800 wani shugaban Fulani mai suna Abdu Zanga ya sauko daga arewa da jama'arsa, ya kafa garin. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Keffi ta zama masarauta a ƙarƙashin Zazzau, kamar maƙwabtanta Nasarawa da Jama'a. Sarkin Keffi yana kai gaisuwa Zariya, Zariya kuma tana kai tata Sakkwato.

Abin da ya ɗaga garin shi ne zamansa a kan hanyar fatake. Ayarin da ya taso daga Kano ya biyo ta Zariya, in yana son isa bakin kogin Binuwai a Loko, to a Keffi yake yada zango. Daga arewa ana saukowa da tufafin Kano da kanwa da fatu da dawaki da shanu. Daga kudu ana haurowa da hauren giwa da manja, daga baya kuma har da kayan Turai da jiragen ruwa ke saukewa a bakin kogi. Madugai da fatake na bukatar masauki da abinci da harawa, sarki na karɓar kuɗin fito, maƙera da majema da marina na samun masu saye. Baturen Jamus ɗin nan Gerhard Rohlfs, a tafiyarsa daga Tarabulus zuwa Legas, ta Keffi ya ratsa a 1867, domin ita ce hanyar da kowa ke bi.

Akwai wani ɓangare na wannan arziki da bai kamata a rufe shi ba. Cikin gaisuwar da ake kaiwa Zariya akwai bayi, kuma da yawansu daga hare-haren da ake kai wa ƙauyukan kewaye ake samo su. Wasu al'ummomi sai da suka koma kan duwatsu don su tsira. Yau jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa suna zaune unguwa ɗaya, sun yi auratayya, 'ya'yansu suna aji ɗaya a makaranta. Amma duk lokacin da gardama ta tashi kan sarauta, ko iyakar ƙasa, ko wanda ya cancanci a kira ɗan ƙasa, tsohon mikin ne ke motsawa. Ba don tone-tone ake koyon wannan tarihi ba. Ana koyonsa ne don mutum ya gane dalilin da ya sa wata magana da shi yake ganin ba komai ba ce take sosa ran maƙwabcinsa.

Zuwan Turawa da mutuwar hanyar ayari

Ranar 3 ga Oktoba, 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin kuma mai ƙarfin faɗa a ji, ya kashe jami'in mulkin mallaka Kyaftin Moloney. Magaji ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, a watan Yuli kuma aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu tare da jama'a masu yawa. Har yau akwai tudu a Keffi da ake kira da sunan Moloney. Ke nan abin da ya faru a ƙofar fadar wannan gari yana cikin abubuwan da suka gaggauta faɗuwar Daular Usmaniyya gaba ɗaya.

Sai dai abin da ya karya tattalin arzikin Keffi ba bindiga ba ce, dogo ne. Layin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ta yamma da Keffi can nesa. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Makurɗi da Lafiya da Gudi da Kafanchan, shi ma ya bar Keffi a gefe. Gyaɗa da auduga da kuza suka koma hawa jirgi, ayarin jakuna ya ragu har ya ɓace. Ga shi kuma Turawa sun hana kamun bayi, sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne, a 1936 kuma suka soke bauta ɗungurungum. Garin da ya saba cin kasuwar nesa sai ya koma na manoma da ma'aikatan En'e. Samari suka riƙa tafiya ƙodago ramukan kuza na Jos, wasu kuma suka tsaya a ƙananan wuraren haƙar kuza da ke kusa da gida.

Makaranta ce ta hana sunan garin dushewa. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa a 1949, ta tara yara daga lardunan Arewa daban-daban, Musulmi da Kirista, ta yaye manyan ma'aikata da sojoji da alƙalai. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969. Ta fuskar mulki kuwa, Keffi ta shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967, ta koma Jihar Filato a 1976, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa mai hedikwata a Lafiya.

Abuja ta zo ƙofar gida

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, aka yanko masa ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Ɓangaren da aka yanko daga Filato ya haɗa da ƙasar da ke yamma da Keffi. Ranar 12 ga Disamba, 1991 fadar gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja. Daga wannan rana hanya ta dawo wa Keffi, da ƙarfin da ko a zamanin fatake ba ta taɓa yi ba.

An tsara Abuja da manyan tituna da unguwannin masu hali, amma ba a tanadi isasshen wuri ga masinja da direba da birkila da mai gadi da ƙaramin malamin ofis ba, alhali kuwa birni ba ya tafiya sai da su. Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin albashinsu, sai suka tsallaka iyaka suka shigo Jihar Nasarawa. Mararraba, wadda da ƙaramin ƙauye ce a bakin hanya, ta cika ta batse, ta haɗe da Ado da Sabuwar Nyanya da Masaka, gine-gine suka miƙe ta Kuchikau da Auta Balefi da Gora da Uke, suna tunkarar Keffi. Rushe-rushen gidajen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan birnin, da hana acaba a tsakiyar birni a 2006, sun ƙara turo dubban mutane wannan hanya. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Keffi mutum ƙasa da 100,000, jihar kuma kimanin miliyan 1.9. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, saboda haka hukumomi suna tsara makarantu da asibitoci da ruwan sha ne bisa hasashe, wannan kuwa babbar matsala ce a wurin da jama'a ke ƙaruwa kullum.

Keffi da kanta ta sami abin da ya ja mutane. Tsohon babban asibitin garin ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, sannan Jami'ar Jihar Nasarawa ta fara aiki a 2002 a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ɗan garin. Unguwanni irin su Unguwar Lambu suka koma na ɗakunan ɗalibai. Masu sayar da abinci da masu shagunan buga takardu da 'yan acaba da masu Keke da masu gyaran waya duk suka sami abin yi. Wanda ya san Keffi kafin jami'a zai shaida cewa kuɗi sun shigo gari. Tambayar ita ce hannun wa suka shiga, kuma me aka bayar a madadinsu.

Gona ta zama fili

Abin da aka bayar shi ne ƙasa. A da, gona ta gandu ce. Uba da 'ya'yansa suna nomawa tare, in ya rasu a raba gado ko a bar ta a hannun babban wa. Baƙo in ya zo, mai unguwa ko dagaci ya ba shi aron wuri, shi kuma ya riƙa kawo ɗan dami bayan girbi don shaida cewa ƙasar ba tasa ba ce. Ba a cika sayar da gona ba sai dole ta kama, ko a lokacin ma jingina aka fi yi. Da Abuja ta matso, sai dillalai da kamfanonin gidaje suka shigo da kuɗin da manomi bai taɓa riƙe irinsu ba. Gonar da ke ba da doya da dawa kowace shekara aka yanka ta fili-fili, aka kafa duwatsun safiyo.

Ba laifi ba ne mutum ya sayar da abinsa, kuma akwai waɗanda suka sayar suka yi dabara: suka gina ɗakunan haya, suka sayi gona mai faɗi a can ciki, suka sa yara a makaranta. Amma da yawa kuɗin a aure da babur da biyan bashi suka ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu. Gona tana ciyar da gida shekara da shekaru, kuɗin fili kuwa sau ɗaya ake karɓa. Ɗan wanda ya sayar yakan wayi gari yana leburanci ko gadi a kan ƙasar da kakansa ya sare. Mata sun fi kowa cutuwa. Shari'ar Musulunci ta ba 'ya mace rabonta na gado, amma sau da yawa 'yan'uwa maza ke ƙulla ciniki, a miƙa mata abin da aka ga dama, ko a ce ta yi haƙuri.

A nan ya kamata a san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. A cikin birni gwamna ke ba da takardar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, yawanci ta shekara 99 ga gidan zama. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da takardar haƙƙin gargajiya. In gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ta kai takardar gwamnati ƙarfi ba. Rashin sanin wannan ne ya sa ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, shari'a ta yi shekaru a kotu. Jihar Nasarawa ta kafa hukumar NAGIS don ajiye bayanan filaye a kwamfuta, kuma bincike a can kafin biyan kuɗi ya fi sauƙi a kan ɗaukar lauya daga baya.

Akwai kuma batun haraji. Doka ta ce harajin albashi na jihar da ma'aikaci ke kwana ne, ba inda ofishinsa yake ba. Gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna kukan cewa mutanen da ke kwana a Karu da Keffi suna aiki a Abuja, harajin da yawansu a Abuja yake tsayawa, alhali makaranta da asibiti da kwashe shara a wuyan Nasarawa suke. Ma'aikacin da ya tabbatar an rubuta adireshinsa na gaskiya a wurin aiki ya taimaki unguwarsa.

Tsadar hanya

Mai zama a Keffi ko Masaka yana aiki a Abuja yakan fito tun kafin asuba don ya riga cunkoson Mararraba da Nyanya, ya dawo bayan isha. Yara na barci ya fita, suna barci ya dawo. Abin da ya rage a kuɗin haya yana biyansa a kuɗin mota da lafiyar jiki da tarbiyyar 'ya'ya. Wannan lissafi ya ƙara rikicewa ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya tashi, na abinci ya bi shi, domin doya da masara ma mota suke hawa. Wasu ma'aikata suka koma kwana a wurin aiki, sai ƙarshen mako su leƙa gida. A watan Maris na 2024 ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsutsun rabon shinkafar tallafi a jami'ar Keffi, abin da ya nuna inda yunwa ta kai har a tsakanin masu karatu. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma manomi da ɗan acaba da mai talla ba su cikin lissafin albashi.

Tagwayen titin da kamfanin China Harbour ya gina daga Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi, mai tsawon fiye da kilomita 200, ya rage wahalar tafiya ƙwarai. Da bashin bankin ƙasar Sin aka yi shi, kuma a 2025 aka fara karɓar kuɗin wucewa don biyan bashin.

Daji da ruwa

Birni mai miliyoyin mutane yana cin abinci sau uku a rana, kuma sai da wuta ake dafawa. Da kananzir ya yi tsada, iskar gas ma ta bi sahu, sai gidaje da masu sayar da abinci da masu gasa nama suka koma gawayi. Buhunan da ake jerawa a bakin hanyar Akwanga da ta Nasarawa da ta Gitata daga dajin wannan yanki suke fitowa. Masu ƙona gawayi sun fi son itace mai nauyi: ƙirya da marke da kaɗanya, wani lokaci har ɗorawa. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma injin yanka yana kayar da ita cikin mintuna. A al'adar manoman wannan ƙasa, ko ana sharar gona ba a taɓa kaɗanya da ɗorawa, domin daga su mata ke samun man kaɗe da kalwar daddawa, su sayar su yi wa kansu da 'ya'yansu hidima. Duk bishiyar da ta koma gawayi, namiji ya karɓi kuɗin buhu kaɗan sau ɗaya, mace ta rasa abin shigarta na shekaru. Gwamnatin jiha ta sha sanar da hana sana'ar, amma hani kaɗai bai isa ba muddin mai dafawa ba ta da abin da ya fi gawayi araha, mai ƙonawa kuma ba shi da wata sana'ar rani.

Gini ma yana cin ƙasa ta wata fuskar. Kowane bulo yashi ne, kuma daga rafuka tifofi ke ɗebo shi. In aka kwashe yashin rafi, gaɓarsa takan zube, ruwa ya riƙa gudu da ƙarfi, gonakin fadama su zaizaye. Damina a Keffi takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwa mai yawa. Rafin Antau da ya ratsa gari yana da hanyarsa tun fil azal. Da aka matse shi da gine-gine, aka cika magudanai da leda da robobin ruwa, sai ya riƙa shiga gidajen mutane in an yi ruwa mai ƙarfi. Sauyin yanayi na duniya gaskiya ne, yana sa ruwa ya zo ba a kan lokaci ba ko ya sauko da yawa a dare ɗaya, amma ba shi ya zuba shara a kwata ba.

Ruwan famfo na Keffi daga aikin ruwa na kogin Mada yake zuwa, wanda ke ba Akwanga da wasu garuruwa su ma. An yi aikin ne lokacin da jama'a ba su kai haka ba, kuma injinansa sai da wutar lantarki. Sababbin unguwanni da yawa ba a kai musu bututu ba, sun dogara ga rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. A filin da aka yanka ƙanana, rijiyar wani takan zo daf da shaddar maƙwabcinsa, daga nan kuwa taifot da amai da gudawa ke samun ƙofa. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Inda fili bai kai ba, tafasa ruwan sha ko sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ya zama wajibi.

Manomi da makiyayi

A da akwai amana tsakanin su biyun, kuma amanar tana da tushe na amfani. Bayan girbi manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa su bar taki. Akwai burtali da kowa ya sani, akwai mashaya. In saniya ta yi ɓarna, ardo da mai unguwa su zauna, a kimanta, a biya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma makiyayar Gitata da ke arewa da Keffi tana cikin wuraren da aka keɓe a wannan yanki.

Abubuwa da dama suka taru suka lalata wannan tsari. Takin zamani ya rage bukatar manomi ga kashin shanu. Rogo yana kwana a gona shekara guda cur, noman rani kuma ya mamaye fadamun da shanu ke sha da rani. Manomin da ya sayar da gonarsa ta bakin hanya ya matsa cikin daji ya sare sabuwa, sau da yawa a kan burtali. Daga arewa fari da satar shanu da 'yan bindiga sun koro makiyaya, daga kudu kuma dokar hana kiwon sake da Jihar Binuwai ta fara aiki da ita a watan Nuwamban 2017 ta turo wasu cikin Nasarawa. Shanu sun ƙaru, wuri ya ragu, makamai sun yawaita, ana kuma barin ƙananan yara da garken da ya fi ƙarfinsu. Manomin da aka cinye wa gonar shekara an zalunce shi, makiyayin da aka toshe wa hanyar ruwa ko aka sace wa shanu shi ma an zalunce shi. Kuskure mafi muni shi ne a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa ko addininsa gaba ɗaya, domin daga nan ne rigimar gona guda ke zama ta gari.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa

Ana yi wa Nasarawa kirari da gidan ma'adinai: gishiri a Keana da Awe, baraiti a Azara, kuza da duwatsu masu daraja a yammacin jihar. Na baya-bayan nan shi ne litiyam, wanda ake yin batirin waya da na motoci masu amfani da lantarki da shi. Bukatarsa a ƙasar Sin da Turai da Amurka ta sa 'yan kasuwa suka kwararo ƙananan hukumomin Nasarawa da Kokona, maƙwabtan Keffi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta kamfanin Avatar a Ƙaramar Hukumar Nasarawa. Samari da yawa sun bar gona sun koma rami, kuma a shekarar 2024 kafofin labarai na duniya suka nuna yara 'yan makaranta suna tsintar dutse a ramukan da ba su da lasisi.

Arewa ta riga ta ga irin wannan. Kamfanonin kuza sun tashi daga Jos sun bar ɗaruruwan kududdufai da ƙasar da ba ta nomuwa. A Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a 2010. Tsarin mulki ya sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ba ta bar mai ƙasa hannu wofi ba. Ta bukaci a nemi yardar mai gona kafin a ba da izini a kan gonarsa, ta wajabta wa kamfani ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa, ta kuma ɗora masa gyara wurin in ya gama. Inda ake samun matsala shi ne mutum biyu ko uku su sa hannu a ɗaki da sunan gari, sauran jama'a ba su san abin da aka rubuta ba.

Wa ke da alhakin me

Kuka ba ya amfani sai an kai shi inda ya dace. Babbar hanyar Abuja da lasisin ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Takardar fili a birni da tsarin gine-gine da ruwan famfo da gandun daji na gwamnatin jiha ne. Kasuwa da tasha da kwashe shara da ƙananan magudanai na ƙaramar hukuma ne, wadda kuma ke da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Masarauta, wadda Mai Martaba Dokta Shehu Chindo Yamusa na uku ke riƙe da ita tun 2015, ba ta da kotu ko 'yan doka kamar zamanin En'e, domin an karɓe su tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Duk da haka hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san iyakar kowace gona da asalin kowane gida, kuma sulhun da aka yi a gabansu yakan fi hukuncin kotu daɗewa.

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ana buga adadin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, kuma mai wayar hannu na iya dubawa. Kowace mazaɓa a Keffi tana da kansila. Haƙƙin mai karatu ne, shi da ƙungiyar unguwarsu ko ta sana'arsu, su same shi su tambaye shi nawa ya shigo, kuma nawa aka kashe a kan kwata da rijiya da ajin 'ya'yansu.